Tsingaro da ƙanƙara a ƙarƙashin cocin Barton: wurin bauta ne tun asali, ko kufai ne kawai?

Baban Safiya (Hull):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na tsallaka gadar Humber da yara muka je Barton, wani ƙaramin gari a gaɓar kudu ta kogin, a nan Ingila. Akwai tsohon coci a can, St Peter's, wanda aka daina ibada a cikinsa tun farkon shekarun 1970, yanzu hukumar English Heritage ke kula da shi. Hasumiyarsa ta kai shekara dubu a tsaye. Daga 1978 zuwa 1984 masu haƙar kayan tarihi, a ƙarƙashin Warwick Rodwell, suka ɗaga daɓen cocin suka haƙa cikinsa da wani yanki na maƙabartar da ke kewaye da shi, suka tono kaburbura wajen 2,800.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ke can ƙasan kaburburan. An samu ɓantarorin ƙanƙara, wato dutsen ƙyastu, da hannun mutum ya sassaƙa tun kafin a san ƙarfe, an samu tsingaron zamanin Rumawa, an kuma samu na Angulo-Sakson na farko, mutanen da Kiristanci bai ma iso musu ba tukuna. Ni dai zuciyata ta ba ni cewa wurin nan wurin bauta ne tun fil azal, kowace al'umma ta zo sai ta ɗora nata a kan na wadda ta gabace ta. In ba haka ba, me ya tara su duka a taƙi ɗaya? Masana, a fitar da ni daga duhu.

Malam Garba Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam. Baban Safiya, zuciyarka ba ta yi maka ƙarya ba. Ruwa ba ya tsami banza. A shekara ta 601 Fafaroma Gregory ya aika wa wani limaminsa mai suna Mellitus wasiƙa, lokacin da ake ƙoƙarin shigar da Angulo-Sakson cikin Kiristanci. Ya ce kada a rushe ɗakunan tsafinsu, a fitar da gumakan, a yayyafa ruwan tsarki, a mai da su coci, domin mutane sun fi sakin jiki da wurin da ƙafarsu ta saba. Wasiƙar na nan a rubuce.

Kuma akwai abin da ido ke gani. A Knowlton, cikin Dorset, an gina coci a ƙarni na 12 a tsakiyar wata da'irar ganuwa ta ƙasa da aka yi wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Rudston, ba nisa da kai can Yorkshire, akwai dutse guda tsaye mai tsawon sama da mita 7 a cikin harabar coci, mutanen da suka kafa shi sun riga cocin da dubban shekaru. Mu ma a gida mun san irin wannan. Dutsen Dala wurin Tsumburbura ne kafin Musulunci ya kafu a Kano, kuma har gobe yana da kwarjini a idon mutane.

Binta A. (ta karanta ilmin haƙar kayan tarihi):
Sallama gare ku. Malam Garba, ranka ya daɗe, duk abin da ka kawo gaskiya ne, amma a yi mini afuwa, ba zan bi ka zuwa inda ka kai maganar ba.

Yaya Baban Safiya, ka ɗan auna wannan. An yi ta binne mutane a wannan filin tun kafin a gina cocin har tsakiyar ƙarni na 19, kusan shekara 900. Filin kuma ba ya ƙaruwa yadda mamata ke ƙaruwa. Mai haƙar kabari na bana yana sara ne cikin kabarin da aka haƙa shekara hamsin da suka wuce, wancan ma ya sara cikin na gabansa. Duk haƙa ɗaya, ƙasar ƙasa ta hau sama, ta sama ta gangara. To duk wani tsingaro ko ɓantaren ƙanƙara da ke kwance a wurin tun kafin a fara binne kowa, an juya shi sau goma, sau ashirin, kamar yadda ake juya tuwo. Shi ya sa a haƙar coci ake yawan samun ƙanƙarar shekara dubu biyar da tsingaron shekara dubu ɗaya da karyayyen lofen taba na ƙarni na 17 a cikin cikon kabari guda. Sun haɗu a rami ɗaya, amma masu su ba su taɓa sanin juna ba.

A aikinmu ana cewa irin waɗannan kayan sun tashi daga makwancinsu. Ana gane su: ƙanana ne, da yawa ba su fi farcen babban yatsa ba, bakinsu ya goge ya yi sumul saboda yawan murzawa a cikin ƙasa, kuma da wuya ka samu biyu da za su haɗu su zama tukunya ɗaya. Abin da tsingaro a cikon kabari zai iya gaya maka guda ne: ba a haƙa kabarin kafin a gina tukunyar ba. Bayan wannan ba shi da ta cewa game da mamacin, balle game da abin da yake bauta wa.

Baban Safiya (Hull):
Ƙanwata na ji wannan, kuma ya shige ni. Amma ko an juya su, ai a wurin aka same su. Ba daga wani gari aka kwaso su ba.

Binta A.:
Haka ne Yaya, kuma a nan amfaninsu yake. Suna shaida cewa mutane sun zauna ko sun yi aiki a wurin. Tambayar ita ce wane irin zama. Tsingaron tukunyar girki mai baƙin hayaƙi a gindinta, da ɗan kankare na ƙanƙara da ake goge fata da shi, da tarkacen da ke zuba in ana sassaƙa, duk kayan tsakar gida ne da juji.

Ka tuna abin da ka gani da idonka a Barton. Daf da cocin akwai wani tafki da maɓuɓɓuga ke cikawa, suna kiransa Beck. Garin yana zaune a inda tudun alli na Lincolnshire ya gangaro ya tarar da fadamar Humber, kuma a cikin allin nan ake samun ƙanƙara. Ga ruwan sha, ga tudu da ambaliya ba ta kai wa, ga dutsen yin kayan aiki, ga mashigar kogi. A tsallaken can, North Ferriby, tun 1937 aka fara gano jiragen ruwa na katako da aka ɗinke da murɗaɗɗun rassan itace, mafi tsufansu ya kai kusan shekara 4,000. Duk wanda ya zo yankin, a kowane zamani, wurin nan zai zaɓa, ko ya san an taɓa zama a cikinsa ko bai sani ba.

Wani abu kuma, Malam Garba: maƙabartar Angulo-Sakson masu bin addinin gargajiya a Barton an gano ta, a wani wuri ne daban da ake kira Castledyke, ta ƙarni na 6 da na 7, inda aka binne mutane da tsakiya da makamai. Da cocin gadon wurinsu mai tsarki ya ci, da a can za mu sa ran ganinsa. Kuma tsakanin wasiƙar Gregory da hasumiyar Barton akwai kusan shekara 400.

Injiniya Sule (Kano):
Hajiya Binta, maganarki ta tuna mini da aikinmu. Duk wanda ya taɓa rushe tsohon ginin ƙasa a cikin birni ya san cewa in ka fasa tubali sai ka ga tsingaro da gawayi da ƙashi a cikinsa, domin daga kududdufi aka ɗebo ƙasar, kududdufin kuma juji ne na kaka da kakanni. Masallatan unguwa ma da irin wannan ƙasar aka gina su. Ba wanda zai ce don an ga fasasshen kasko a bangon masallaci to a da ana soya waina ne don ibada a wurin.

Malam Garba Mai Tarihi:
Injiniya, misalinka ya zauna. Amma 'yata Binta, ba ki amsa mini Knowlton da Rudston ba.

Binta A.:
Baba, su biyun na yarda da su, domin abubuwa ne da ke tsaye a sarari. Magina cocin Knowlton sun ga ganuwar da idonsu suka shiga tsakiyarta da gangan. Ko don su tsarkake ta, ko don wurin taron jama'a ne, wannan ana muhawara a kai. Dala ma dutse ne da kowa ke gani, ga kuma tarihi rubutacce da na baka da suka riƙe labarinsa. Ɓantaren ƙanƙara kuwa da ke kwance taƙi biyu cikin ƙasa, maginin shekara ta 1000 bai san da shi ba. Ba ka gadon abin da ba ka san yana nan ba.

Maman Hanifa:
Salamu alaikum. Ni ba karatun wannan na yi ba, amma kakata maginiyar tukwane ce, a gabanta na tashi, na sha kirɓa mata yumɓu. Anti Binta, abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda kuke ɗaukar ɗan tsingaro kamar farce ku ce wannan na shekara kaza ne. Tukunyar da Inna ta gina da wadda uwarta ta gina, in suka fashe, wallahi ni ban iya rabewa. Yumɓu ɗaya, hannu iri ɗaya, wuta iri ɗaya.

Binta A.:
Maman Hanifa, kin sa yatsa a kan ciwon da ya fi damun masu wannan aikin a Ingila, kuma Allah Ya ji ƙan Inna in ta rasu, in tana raye Ya ƙara mata lafiya.

Ga yadda abin yake. Kafin Rumawa su ci ƙasar a shekara ta 43 miladiyya, yawancin tukwanen can da hannu ake gina su, a tara itace a gasa su a fili, kamar yadda ake yi a garuruwanmu. Zamanin Rumawa sana'ar ta koma ta faifan juyi da tanderu, ana yin tukwane da yawa ana kai su kasuwanni masu nisa. Da mulkinsu ya ƙare wajen 410, wannan sana'a ta mutu cikin ɗan lokaci, aka koma ginin hannu da gashin fili. To tsingaro baƙi, marar ado, mai taushi, na shekara 300 kafin miladiyya da na shekara ta 550 bayanta suna iya yin kama har gwani ya rikice. An sha sa wa tsingaron wani zamani sunan wani, sai daga baya a gyara.

Abin da ake dubawa shi ne abin da maginin ya cuɗa a yumɓun don kada tukunyar ta tsage a wuta. Wasu dakakkiyar ƙanƙara suke zubawa, kuma wannan ya fi yawa a tukwanen kafin Rumawa. Wasu ƙaiƙayi ko ciyawa, wadda ke ƙonewa ta bar ƙananan ramuka. Wasu dakakken bawon katantanwar ruwa, kamar tukwanen da ake kira na Maxey a Lincolnshire. Har akan yanki tsingaro siriri kamar fatar albasa a duba shi a madubin ƙara girma a gane daga wane dutse yashin cikinsa ya fito. Da haka aka gane cewa wasu tukwanen Angulo-Sakson na farko suna ɗauke da ɓurɓushin dutsen yankin Charnwood na Leicestershire, alhali an tsince su nesa da can.

Daga baya abin yana sauƙi. Wajen 720 zuwa 850 garin Ipswich ya riƙa gasa tukwane masu kauri, ruwan toka, a tanderu, suna bin jiragen ruwa har Lincolnshire da Yorkshire. A ƙarshen ƙarni na 9 faifan juyi ya dawo sosai, aka samu tukwanen Torksey a bakin kogin Trent da na Stamford masu ƙyalli a jiki. Irin waɗannan, in aka same su a danne ƙarƙashin harsashin bango inda babu mai haƙar kabarin da ya taɓa, su ne ke taimakawa a san lokacin da aka yi ginin. Tsingaro guda a danne ya fi kwando guda da aka tsinta a cikon kabari.

Maman Hanifa:
Inna ta rasu, Allah Ya ji ƙanta, na gode Anti. Ashe abin da take yi ne kuke karantawa. Ita tsohon tsingaro take dakawa ta tankaɗe ta zuba a sabon yumɓu, wani lokaci da kashin jaki busasshe. Adon wuyan tulu kuma da totuwar masara take mirgina shi, ko da igiya da ta tufka.

Binta A.:
Amin. Kin ga totuwar nan? Ita kanta kalanda ce. Masara daga Amurka ta zo, ba ta shigo Afirka ba sai bayan 1500. Duk tsingaron da aka gani da sawun totuwar masara a kufai, to bai kai shekara 550 ba. Lofen taba ma haka yake, a nan da can Ingila. Tukunya kuma tana riƙe abin da aka zuba mata: a 2021 masu bincike na jami'o'in Bristol da Frankfurt suka gano sauran kakin zuma a jikin tsingaron mutanen Nok na tsakiyar Najeriya, wasunsu na kusan shekara 3,500.

Nok ɗin ma darasi ce a kan maganarmu. Kawunan yumɓu na farko da suka kai hannun Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, a shekarun 1940 daga ramukan haƙar kuza suka fito, ruwa ya riga ya kwashe su daga makwancinsu. An daɗe ana fama kafin a san shekarunsu da irin zaman masu su, sai da aka haƙa wurare irin su Taruga inda kaya ke kwance yadda aka bar su.

Ɗan Maharba:
Ku ba ni dama in sa baki a kan ƙanƙarar. Mahaifina da bindigar gargajiya yake farauta, kakana kuma da ƙyastu yake kunna wuta, don haka na san dutsen nan a hannu. Ƙanƙara tana fashewa da kanta, garma ma tana fasa ta. Yaya ake sanin wannan mutum ne ya sassaƙa, wancan kuma tsautsayi ne?

Binta A.:
Yaya, in mutum ya bugi ƙanƙara da niyya, yana zaɓar gefe mai faɗi ya buga a wuri guda. Ɓantaren da ya fita za ka ga ɗan kumburi daf da inda bugun ya sauka, sannan wasu layuka suna bazuwa daga nan kamar in ka jefa tsakuwa a tafki. A bayansa kuma akwai sawun ɓantarorin da aka cire kafin shi. Wadda sanyi ya fasa ba ta da wannan kumburin, takan fita ne kamar murfin tukunya. Siffa kuma tana ba da zamani: 'yan mitsi-mitsin da ake jerawa a jikin kibiya na mafarautan da suka rayu kafin a fara noma ne, kan kibiya mai kamar ganye na manoman farko ne wajen shekara 4000 kafin miladiyya, mai ƙugiya biyu da ɗan wutsiya kuma na farkon zamanin tagulla ne.

A haƙar coci akwai wani tarko na musamman. A Norfolk da Suffolk da ƙanƙara aka gina coci-coci da yawa, magina suna sassaƙa ta a gindin bango. Tarkacensu na ƙarni na 14 yana da kumburin nan shi ma, sai an lura sosai kafin a raba shi da na mutanen da.

Kuma ƙila ƙanƙarar bindigar kakanninka daga can ta zo. Garin Brandon a Suffolk ya shahara da sassaƙa ƙanƙarar bindiga, sun yi ta aikowa Afirka har cikin ƙarni na 20. Kusa da garin akwai Grime's Graves, ramuka sama da 400 da aka haƙa da ƙahon barewa don ciro ƙanƙara tun wajen shekara 4,500 da suka wuce.

Ɗan Maharba:
Ikon Allah. To gatarin aradu fa? Akwai guda a gidanmu, an ce tsawa ce ta jefo shi.

Malam Garba Mai Tarihi:
Wannan zan amsa maka. Gatarin dutse ne da mutanen da suka goge da hannu. Turawan da ma haka suka ɗauka, dutsen tsawa suke ce masa, suna ɓoye shi a bango ko rufin ɗaki don kariya. Kawunan kibiya na ƙanƙara kuma suna cewa harbin aljanu ne. Binta, kin ga ke nan wani lokaci tsohon dutse yakan shiga gini da niyya.

Ustaz Abu Ammar:
Jama'a, na karanta duka, na kuma ƙaru. Amma akwai abin da aka wuce da sauri. Mutum 2,800 aka tono. Ko ba Musulmi ba ne, 'yan Adam ne, kuma Allah Ya karrama ɗan Adam da rai da mace. Zuciyata ba ta kwanta da a tayar da mamaci don a ƙirga tsingaro ba.

Baban Safiya (Hull):
Ustaz, ni ma da na tsaya a wurin sai da jikina ya yi sanyi. Abin da zan iya shaida maka: an yi shekaru ana nazarin ƙasusuwan don sanin cututtukan da suka addabi mutanen, irin su ciwon gaɓoɓi, sannan a 2008 aka mayar da su cikin cocin, aka keɓe musu ɗaki, aka yi musu addu'a irin ta addininsu. Kuma a ƙasar nan ba a tono mamaci sai da izinin hukuma ko na coci, dokar tana nan tun 1857. Wani abin da ya taɓa ni, su kansu magina cocin na farko, shekara dubu da suka wuce, sai da suka kwashe mamatan da ke inda za su kafa harsashi tukuna. Haƙar ta nuna ramukan kaburburan a wofi.

Ustaz Abu Ammar:
Mayar da su da aka yi ya rage mini nauyi, ko da yake ra'ayina bai canja ba. A maƙabartunmu dai ban yarda a yi haka ba.

Malam Garba Mai Tarihi:
'Yata Binta, na sallama miki a kan tsingaron. Amma kin ce ruwa ne ya tara su, ni kuma ina cewa ruwan kansa abin girmamawa ne a wurinsu. Wajen 1020 Sarki Cnut ya kafa doka da ta hana bautar rijiyoyi da duwatsu da itatuwa a Ingila. Ba a hana abin da ba a yi. Wannan kuwa zamani ɗaya ne da hasumiyar Barton. Don haka kada a rufe ƙofa.

Binta A.:
Ban rufe ba, Baba, kuma dokar Cnut hujja ce mai nauyi. Abin da nake nema shi ne shaida daga ƙasar wurin. Inda aka yi bauta a bakin ruwa, ƙasa takan nuna: tukwane cikakku da aka ajiye a rami da kula, gatarin da ba a taɓa sara da shi ba, takubba da māsu da aka jefa a ruwa da gangan, kamar waɗanda aka ciro a Fiskerton a kogin Witham, cikin Lincolnshire ɗin nan. In aka samu irin wannan a bakin Beck, ni ce ta farko da za ta dawo zauren nan ta ce Malam Garba ya yi gaskiya. Ɓantarori da gogaggen tsingaro a cikon kabari ba su kai su ɗauki wannan nauyin ba.

Maman Hanifa:
Anti Binta, a bayan garinmu akwai kufai, in an yi ruwan farko tsingaro sai ya fito fili kamar an shanya. Yara har wasa suke yi da shi. In na je gida da sallah in tsinto miki?

Binta A.:
Don Allah kada ki tsinta, Maman Hanifa. Da zarar kin ɗauke shi ya tashi daga makwancinsa, ya zama kamar na cikon kabarin nan. Ki ɗauki hotonsa a inda yake, ki ajiye kwabo ko biro a gefensa don a ga girmansa, ki fi mai da hankali kan bakin tukunya da masu ado, sannan ki ɗauki hoton filin gaba ɗaya. Ki tambayi tsofaffin garin sunan kufan da abin da suka ji game da waɗanda suka tashi. In kin turo mini zan duba ko akwai sawun totuwa, sai mu ga ko za a sanar da gidan tarihi mafi kusa da ku ko sashen haƙar kayan tarihi na jami'ar Ahmadu Bello.

Maman Hanifa:
To Anti, in sha Allahu. Ƙanwar Inna na nan da ranta, ita zan fara tambaya, don ta san adon kowane gida na magina a yankinmu.